Yadda ake haɗa samfurin jirgin yaƙin dare: Mosquito NF.II daga kwali har kan kanta

Duk wanda ya taɓa ƙera motar kara ko ta langa-langa yana yaro ya san daɗin da ke cikin haɗa abu da hannu. Haɗa ƙananan jiragen roba wannan wasan ne ya girma, sai dai yanzu ma'auni ya shigo ciki, tarihi ma ya shigo. A cikin masu wannan sha'awa akwai waɗanda ba abin da ke ɗaukar hankalinsu kamar jiragen da suka yi farautar dare a Yaƙin Duniya na Biyu, kuma ni ina cikinsu. Dalilin bai da wuyar ganewa. Jirgin rana matuƙi guda ne da idonsa. Jirgin dare kuwa mutum biyu ne a cikin duhu, ɗaya ya kafa ido a kan gilashin rada yana cewa hagu, dama, rage gudu, ɗayan yana bin muryarsa kamar makaho da ɗan jagora, har sai ya hango jan wutar salansar jirgin abokan gaba. Wannan aikin ya bar alama a jikin jiragen: eriya ta tsiro a hanci, an rufe bakin salansa, an shafe jiki da baƙin fenti. Waɗannan alamomin su ne za ka yi ta fama da su a kan teburinka, kuma su ne ke raba samfurin da ya yi kyau da wanda ya zama dunƙulen gawayi.

Da farko: zaɓi jirgi da ma'auni

Zaɓi yana da yawa. Akwai Bristol Beaufighter, wanda John Cunningham na rukuni na 604 na sojojin saman Birtaniya ya harbo jirginsa na farko da shi a watan Nuwamba 1940, har aka yi ta yaɗa cewa cin karas ne ya ƙara masa gani, don a ɓoye labarin rada. Akwai Messerschmitt Bf 110 G-4 na Jamus mai eriya kamar ƙahon barewa, irin wanda Heinz-Wolfgang Schnaufer ya yi aiki da shi, mutumin da aka lissafa masa jirage 121. Akwai Heinkel He 219, da Northrop P-61 na Amurka. Dukansu ana samun kwalayensu.

Amma ga mai farawa, shawarata de Havilland Mosquito ce ta Birtaniya, nau'in NF.II, wato na faɗan dare. Sunan ma ya dace, don ma'anarsa sauro, kuma kowa ya san lokacin da sauro ke fitowa aiki. Eriyarsa kaɗan ce, ba kamar na Jamus ba da za ka liƙa siraran sanduna fiye da goma kowanne ya miƙe daidai. Sannan jirgi ne mai zama a kan tayar wutsiya, don haka ba ka bukatar cusa dalma a hanci. He 219 da P-61 tayarsu ta uku a gaba take, in ka manta ba ka sa musu nauyi ba, sai ka gama aiki su zauna daɓas a kan wutsiya, hanci sama.

Ma'auni biyu ne suka fi yawa. Faɗin fukafukan Mosquito na gaske mita 16 da rabi ne. A ma'aunin 1/72 zai zo kusan santimita 23, a 1/48 kuwa kusan 34. Kamfanin Tamiya yana da kwali a duka biyun mai ɗauke da FB Mk.VI (mai faɗa da jefa bom) da NF Mk.II tare, ka zaɓi wanda za ka haɗa. In idonka ya fara neman tabarau, ɗauki 1/48. In wurin ajiya ne matsalarka, 1/72 ya wadatar.

Na biyu: tsayar da jirgi ɗaya, a lokaci ɗaya

Nan ne mutane da yawa ke tsallakewa, su yi nadama daga baya. Kafin ka yanke ko ɓangare guda, ka san wane jirgi kake ginawa, na wane rukuni, a wace shekara, domin kamannin Mosquito na dare ya sauya cikin ƙanƙanen lokaci.

Jirgin gwaji na Mosquito mai faɗa, mai lamba W4052, ya fara tashi ranar 15 ga Mayu 1941. Rukuni na 157 ne ya fara karɓar NF.II a farkon 1942, harufansu a jikin jirgi RS. Jiragen farko baƙi ne wuluk daga sama har ƙasa, da wani fenti mai kaushi kamar kunkunniya, wanda aka zaci zai shanye hasken fitilar neman jirage. Da aka gwada sai aka ga kaushin nan yana cin gudun jirgin fiye da mil 20 a awa, aka koma baƙi mai santsi. Zuwa ƙarshen 1942 kuma aka gane baƙin ma ba shi ne ya fi ɓoye jirgi ba, domin sararin dare ba baƙi ƙirin ba ne, jirgi baƙi yana fitowa a cikinsa kamar inuwa. Sai aka koma ruwan toka ko'ina, da zanen kore mai duhu a sama. Ke nan in ka ce jirginka na bazarar 1942 ne, baƙi. In na 1943 ne, toka da kore.

Wani tarkon: rukuni na 23, masu harufan YP, sun yi aiki da NF.II wajen kutsawa filayen jiragen abokan gaba da dare, kuma an cire wa jiragensu rada don kada ta faɗa hannun Jamusawa. In nasu kake yi, kada ka sa eriya ko ɗaya.

Nemi hotunan jirgin a intanet, ka adana biyu ko uku a waya. Akwai NF.II mai lamba HJ711 da aka sake haɗawa, yana East Kirkby a Ingila, hotunansa na kusa suna da amfani wajen ganin cikin ɗakin matuƙi da bakin bindigogi. A nan zan bi baƙin jirgi na 1942, don shi ya fi wuya, shi ya fi kyau.

Na uku: kayan aiki

Ba sai ka kashe dukiya ba. Ƙaramar filaya mai yanka, sabuwar reza ko wuƙar sassaƙa, hantsaki, samfefa mai lamba 400 da 600 da 1000, tsinken sakace, auduga mai tsinke, burushi ƙarami da matsakaici, da salatif na masu fenti wanda ba ya ɗauko launi. Gam iri uku kake so, kowanne da aikinsa: gam ɗin roba mai ruwa-ruwa irin Tamiya Extra Thin don gangar jiki, sufa gulu don ƙarfe da waya, da farin gam na kafintoci don gilashi. Sai foti na cike tsaga. Fenti mai narkewa a ruwa ya fi sauƙi ga mai aiki a ɗaki. In kana da bindigar feshi, madalla. In babu, burushi mai faɗi da haƙuri za su kai ka.

Wanke rassan robar da sassan jirgin ke maƙale a jiki da ruwa mai ɗan ɗumi da sabulun wanke-wanke, ka bar su su bushe. Maiƙon masana'anta yana hana fenti kamawa.

Na huɗu: ɗakin matuƙi

Daga ciki ake farawa. Kada ka murɗe ɓangare daga reshensa da hannu, zai bar rami. Yanka nesa kaɗan, ka gyara da reza, ka shafe da samfefa.

Launin ciki kore ne mai ruwan toka, fentin Humbrol mai lamba 78 ya yi daidai. Allon agogo baƙi, akwatunan rada baƙi. Ka lura da zaman mutanen biyu: matuƙi a hagu, mai rada a dama kuma ɗan baya kaɗan, kafaɗa na gugar kafaɗa. A gaban mai rada akwai akwatin radar AI Mk IV, wanda yake leƙawa ta wani murfin roba. Wannan radar tana aiki da zango mai tsawon mita ɗaya da rabi, kuma babbar matsalarta ƙasa ce: amsar da ke dawowa daga doron ƙasa tana rufe komai, don haka nisan ganinta bai wuce tsayin da jirgin yake ba. Jirgin da ya yi ƙasa-ƙasa ya makance ke nan. Ɗiga ɗan fenti mai sheƙi a kan fuskar akwatin da agogon, sai su yi kama da gilashi.

Bel ɗin kujera ka yanka shi daga salatif, faɗin milimita ɗaya da ɗoriya a 1/48, ka shafa masa ruwan ƙasa mai haske. Sannan ka tsoma busasshen burushi a fenti ruwan toka, ka goge shi a tsumma har ya zama kamar ba komai, ka shafa a gefunan akwatuna. Ƙusoshi da maɓallai za su fito da kansu. Kada ka ɓata mako guda a nan, rabin abin ba zai ganu ba in an rufe.

Na biyar: gangar jiki, fukafukai da ƙafafu

Gwada kowane haɗi ba gam tukuna. In ya zauna, riƙe ɓangarorin biyu, ka taɓa burushin gam a bakin tsagar, ruwan zai bi layin da kansa. Matsa kaɗan har narkakkiyar roba ta ɗan tsattsafo, ka ɗaure da salatif, ka ƙyale shi ya kwana. Washegari ka kankare abin da ya tsattsafo da bayan reza, ka bi da 400, 600, 1000.

Wannan layin haɗi na bayan jirgi sai ya ɓace ɓat, kuma akwai dalili. Mosquito jirgin katako ne. An yi gangar jikinsa da falankin balsa a tsakanin siraran falankai biyu na icen birch, aka lulluɓe da ƙyalle, aka shafe. Masu yin kujeru da kabad a garuruwa irin su High Wycombe suna cikin waɗanda suka ƙera sassansa. Ba shi da layukan faranti da jerin ƙusoshi irin na jirgin ƙarfe, jikinsa sumul yake kamar ƙwarya. Tabo guda a kai zai fito fili, baƙin fenti kuma ba ya rufa asiri.

Hanci na NF.II toshe yake, da bindigogin Browning huɗu, sannan manyan bindigogin Hispano huɗu masu milimita 20 a ƙarƙashin ciki. Tabbatar ka ɗauki gilashin gaba mai shafaffiyar fuska, irin na jirgin faɗa. Mai tsini kamar gaban kwalekwale na mai jefa bom ne. Ƙofar shiga tana gefen dama. Sa murafan salansa, waɗanda aka yi don ɓoye harshen wuta da kuma kare idon matuƙi. Bindigogin hanci da eriya da farfela kuwa ka ajiye su gefe sai ƙarshe.

Ƙafafun sauka su ne suka fi cin rai, sanduna ne birjik. Haɗa su da gam kaɗan, kafin ya ƙame ka dasa su a mazauninsu na ɗan lokaci don su ɗauki kusurwar da ta dace, sannan ka zare ka yi musu fenti ruwan azurfa daban. Dubi jirgin ta gaba, ido daidai da tebur. In fiffike ɗaya ya fi ɗaya tashi, yanzu ne lokacin gyara.

Rumfar gilashi ka rufe kowace taga da salatif, ka bi gefen firam da sabuwar reza. Liƙa ta da farin gam. Sufa gulu yana fitar da tururi da ke mayar da gilashi fari fat daga ciki, kuma ba ya gyaruwa. Kafin baƙi, shafa koren ciki a kan firam ɗin, don in an leƙa ta taga shi za a gani.

Na shida: baƙin da ba baƙi ba

Nan aikin yake. In ka buɗe kwalbar baƙi ka shafe jirgin da ita kai tsaye, ka kashe shi. Za a ga siffar jirgi kawai, ba a ganin komai a jikinsa. Abu ƙarami yana bukatar launi mai ɗan haske fiye da na gaskiya, domin idonka yana ɗaukar samfurin tamkar jirgi ne da ka hango daga nesa. Dubi baƙar mota a ƙarshen layi da rana: ba baƙa kake gani ba, toka ce mai duhu, sama ta fi haske, ƙasa ta fi duhu.

Fara da fentin shimfiɗa ruwan toka, siriri. Zai tona duk tsagar da ta rage. Cike da foti, goge, sake fesawa. Daga nan ka yi amfani da baƙi uku. Na ƙasa, wato cikin jirgi da ƙarƙashin fukafukai, baƙin fentin Tamiya mai lamba XF-1 da ɗigon ruwan ƙasa ko ja a ciki. Na gefe da sama, XF-69, wanda dama baƙi ne mai ɗan toka. Na uku, XF-69 ɗin da ka ƙara wa ɗan ruwan toka, ka tsinka shi da tina sosai, ka yi feshi kaɗan-kaɗan a tsakiyar fukafukai, saman injina da gadon baya, inda rana da ruwa suka fi duka. Kada ya zama zane. Gizo-gizo ake so, wanda sai an matso za a lura. Baƙi tsantsa ka bar shi don ramuka: bakin bindiga, cikin radiyeto da ke gaban fiffike tsakanin jiki da inji, da layukan murfin inji.

Mai burushi ya tsinka fenti ya yi kamar madara, ya shafa sau uku ko huɗu, kowanne ya bushe kafin na gaba, shafa ɗaya a tsaye ɗaya a kwance. Hasken saman kuma ya ɗauko shi da guntun soso, yana dangwalawa a hankali.

Yanayinmu yana da nasa sharri. A zafin Maris da Afrilu fenti yana bushewa a iska kafin ya isa jikin roba, ya sauka kamar yashi. Yi feshi da sassafe, ka matso da bindigar, ka ƙara tina. Hunturu kuma ƙura. Na taɓa gama shafa mai sheƙi a kan wani Beaufighter a watan Janairu, na bar shi a kan tebur kusa da taga na tafi sallar la'asar. Da na dawo, fukafukan sun yi furfura, kowace ƙwayar ƙura ta nutse cikin fentin ta zauna daram. Kwana biyu na yi ina gogewa da samfefa mai ruwa. Tun daga ranar, da na ajiye burushi nake kifa babbar robar abinci a kan aikin, in sa tsinke a ƙarƙashin bakinta don iska ta ɗan shiga. Kuma kada ka yi feshi a rufaffen ɗaki, ko kusa da yara.

Na bakwai: tambari

Takardun tambari ba sa son jiki mai kaushi. Iska tana maƙalewa a ƙarƙashinsu, gefensu ya yi fari kamar azurfa, kuma a kan baƙi abin ya fi muni. Saboda haka ka fara shafe jirgin da banish mai sheƙi, X-22, ya kwana biyu.

Yanke tambari ɗaya, tsoma a ruwa mai ɗumi daƙiƙa goma, ajiye a kan tsumma har ya fara zamewa. Jiƙa wurin, ture shi da burushi daga takarda zuwa jiki, daidaita, sannan ka mirgina auduga daga tsakiya zuwa gefe. Harufan rukuni a baƙin jirgi ja ne mai duhu, ba ja mai ƙyalli ba. In sun yi maka kamar ba sa fitowa sosai, haka ake so, don kada a gan su aka zaɓi launin. Bayan sun bushe, sake shafa mai sheƙi, sannan ka rufe da XF-86 marar sheƙi. Ni nakan gauraya su biyun don ya ɗan yi maiƙo kaɗan. Dushewa gaba ɗaya tana mayar da jirgi kamar allon makaranta.

Na takwas: tsufa da datti

Kada ka yi wa fiffiken katako ƙwarzanen azurfa. Wannan kuskuren yana tona wanda bai san jirgin ba. Ƙarfe yana murafan inji, nan za ka iya ɗiga azurfa a bakin maɗaurai da tsinin fensir. A gindin fiffike, inda makanikai ke takawa, ka ɗan dusar da launin kawai.

Hayaƙin salansa a kan baƙi haske yake bari, ruwan toka da ɗan ruwan ƙasa, yana bin gefen inji zuwa baya. Kankare allin zane mai launi ya zama gari, ka shafa da busasshen burushi ta inda iska ke bi. Tayoyi XF-85, da ɗan garin ruwan ƙasa a inda suke taka ƙasa.

Na ƙarshe: eriya da ƙananan kaya

Yanzu ka cire salatif ɗin gilashi a hankali, ka dasa ƙafafu, ka sa farfela baƙaƙe masu rawayen baki. Fitilar fiffiken hagu ja, ta dama kore.

Eriyar AI Mk IV ta hanci kamar kan kibiya take, ita ke aika saƙo, sannan akwai siraran sanduna a tsaye kusa da ƙarshen fukafukai masu karɓar amsa. Na cikin kwali sukan yi kauri. In an auna su da ma'auni sai su kai kaurin taɓarya. Kana iya kankare su da reza, ko ka yi naka. Ɗauki guntun reshen roba, riƙe shi sama da kyandir kana juyawa har tsakiyar ta yi laushi, janye daga wuta, ka ja hannu biyu a hankali. Zai miƙe ya zama zare. Saurin ja shi ke sa siranta. Silin waya daga tsohuwar wayar lantarki ma yana yi, in ka mirgina shi a ƙarƙashin rula ya miƙe. Huda ƙaramin rami da allura, taɓa bakin eriyar a ɗigon sufa gulu, dasa, ka riƙe numfashi daƙiƙa goma. Duba ta gaba da ta sama, don karkatacciyar eriya ita ido ke fara kamawa.

In wannan ya shige ka, mataki na gaba shi ne NF.XIII ko NF.30, waɗanda radarsu mai gajeren zango ta koma cikin kumburarren hanci, eriyar kibiya ta ɓace. Ko ka haye ɓangaren Jamus ka gwada Bf 110 G-4 da radar SN-2 da bindigogin nan biyu masu kallon sama, waɗanda Jamusawa ke shiga ƙarƙashin Lancaster, jirgin bom na Birtaniya, da su su harbi tankin mai na fiffike. A daren 30 ga Maris 1944, a harin da aka kai birnin Nurembag na Jamus, Birtaniya ta rasa jirage 95 cikin 795, mafi yawa a hannun irin waɗannan.

Wurin ajiya: kabad mai gilashi, nesa da taga, sama da inda hannun yaro ke kaiwa. Kada ka bar shi cikin mota a rana ko na awa guda, fukafukan za su lanƙwashe. In za ka ɗauka, kama gangar jiki ta bayan fiffike da yatsa biyu, kuma ka faɗa wa baƙo haka tun kafin ya miƙa hannu, domin kowa hanci yake fara kamawa, inda eriyar take.